Madigadin Dama na Motar Madam

Shekara uku na yi ina goge tukwane a wani kamfanin alminiyam da ke Kudenda, kafin a sallame mu a farkon 1986. Aikina a can ba shi da wuya. In riƙe tukunya da hannu biyu, in danna ta a jikin faifan da ke juyawa, har ta yi ƙyalli. Wanda ya koya mini ya ce sirrin aikin ɗaya ne, duk inda ka ga tabo ka danna da ƙarfi, kada ka ɗaga sai ya tafi. Haka hannuna ya saba. Na fara da wannan ne don a gane abin da ya biyo baya, ba don in wanke kaina ba.

Sunana Monday. Bayan sallamar na koma zaman gida a Kakuri, ciki da falo a gidan haya kusa da layin dogo, ni da Baba da Mama. Mahaifina, Baba Istifanus, direba ne. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa Madam Obiageli, wata 'yar kasuwa da ke sayen atamfa a masaƙun Kakuri tana aikawa Onitsha. Tun da nawa aikin ya tsaya, da nasa muke ci. Motar Fijo ce 504, shuɗiya mai duhu, ko kuwa in ce haka take a da. Rana da ruwan sama sun cinye ta, rufinta da bonet sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu toka.

A watan Afrilu Madam ta shirya aurar da 'yarta Irene. Ana saura sati biyu ta hau babbar bas zuwa garinsu don ta taho da kayan biki, ta bar wa Baba motar ya ajiye a gidanmu. Ranar da ta tafi, muna cin tuwo da yamma, Baba ya ba mu labarin abin da ta faɗa a ƙofar shagonta.

"Ta ce motar nan ta tsufa kamar mai tuƙa ta. Wai ba ta san ko ita za ta ɗauki amarya ba." Ya yi dariya. "Wai kuma ɗan ƙaninta ya yi lasin, yana zaune ba ya komai."

"Wasa take yi," in ji Mama.

"Wasa ne mana."

Amma bai gama tuwonsa ba, kuma Baba ba ya barin tuwo. Da ya fita wanke hannu, Mama ta ce mini a hankali, in aikin nan ya tafi to zamanmu a Kaduna ya ƙare, sai dai mu kwashe mu koma ƙauye wajen Zonkwa, inda ɗakin da Baba ya gina ma damina ta kayar da shi tuntuni.

Na yi kwanaki ina kallon motar a gindin mangwaron tsakar gida. Ni mutum ne da bai iya komai ba sai sa abu ya yi ƙyalli. Makaranta a aji huɗu na tsaya. Sai na ce a raina, in Madam ta dawo ta tarar da motarta kamar ranar da aka sayo ta, ai maganar tsufa ta mutu, ta motar da ta mai tuƙa ta. Ban gaya wa Baba ba. So nake ya dawo daga wani wuri ya gani da idonsa.

Ranar Juma'a na tafi wajen Oga Okechukwu, fanel bita ne, mai gyaran jikin mota, garejinsa na bayan kasuwar Kakuri. Ya san ni tun ina rarrafe. Na same shi yana cin dafaffiyar gyaɗa a kan wata tsohuwar kujerar mota.

"Mai tukunya, me ka zo nema? Ba ni da aiki. Ni ma sallamar kaina nake shirin yi."

"Injin goge fenti nake so ka ara mini, Oga. Gobe kaɗai."

"Ka taɓa riƙe shi?"

"Na shekara uku ina goge ƙarfe."

"Ƙarfe," ya ce, ya tofar da ɓawon gyaɗa. "Wa ya ce maka ƙarfe za ka goge? Fenti ne. Kaurinsa bai kai ɓawon albasa ba. Zo ka gani."

Ya ɗauko injin. Yana da nauyi, kamar garandar yanka ƙarfe yake, sai dai a bakinsa faifai ne na gashin tunkiya. Ya jingina wata tsohuwar ƙofar mota a bango, ya shafa mata man goge daga gwangwani, ya kunna. Yana yi yana magana da ƙarfi saboda ƙarar. Ya ce kada in yi a rana, fenti in ya yi zafi laushi yake yi. Ya ce in bar nauyin injin ya yi aikin, hannuna jagora ne kawai, kuma kada in tsaya a wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido. In na zo gefe ko kwana in sassauta, nan ne fenti ya fi siranta. Ya ce zan ga launin motar a jikin gashin, kada in ji tsoro, mataccen fenti ne ke fita.

Ya miƙa mini na gwada. Ƙofar a miƙe take, babu kwana, babu tabo. Cikin ɗan lokaci ta yi kyau har na ga fuskata a ciki.

"Ba laifi," in ji shi. "Motar wa?"

"Ta wani ɗan cocinmu ce."

Ƙarya na yi, kuma ƙaramar ƙarya na ɗauke ta. Oga Okechukwu ɗan garin su Madam ne, coci ɗaya suke zuwa. Ba na so labari ya riga mu isa wurinta, a ce ɗan direba ne ya yi aikin da injin aro. So nake yabon ya tafi wajen Baba.

Ya ɗaure injin a cikin buhu, ya ba ni gwangwanin. "In ka ƙona wa mutum mota, ba ka san ni ba, ban san ka ba. Ka gai da Baba."

Ranar Asabar Baba ya fita da sassafe zuwa taron 'yan garinmu a Sabon Tasha, da bas ya tafi, don ba ya taɓa motar Madam a kan harkar kansa. Ba a kawo wuta ba sai wajen ƙarfe goma. Kafin nan na riga na wanke motar sau biyu na bar ta ta bushe. Na jawo waya ta tagar falo zuwa gindin mangwaro, na fara da rufi.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin nan. Inda duk faifan ya wuce, farin nan sai ya ɗaga, shuɗi ya fito daga ƙarƙashinsa, mai duhu kamar ruwan kogi da yamma. Gashin tunkiyar ya rine, rigata ta rine, har fuskata ta yi ɗige-ɗige. Na gama rufi, na yi bonet, na yi but, na bi gefen hagu ƙofa-ƙofa. Ina tuna abin da aka gaya mini, ina tafiya da injin a hankali ba na tsayawa. Matan gidan suka bar wankinsu suka zo kallo. Wata ta ce ashe motar nan launi gare ta. Mama ta kawo mini kunu ta tsaya tana gyara ɗankwalinta a jikin ƙofar baya.

"Babanka zai ɗauka an musanya masa," ta ce.

Wajen ƙarfe biyu na zo gefen dama. A lokacin inuwar mangwaro ta gusa, rana ta kama wannan gefen gaba ɗaya. Na taɓa ƙarfen na ji zafi. Abin da ya kamata shi ne in jira, ko in tura motar baya. Makulli yana wurin Baba, sitiyari kuma a kulle. Wutar nan kuwa ba ta da alkawari, tana iya tafiya ta bar ni da mota rabi sabuwa rabi tsohuwa. Na ce saura kaɗan, bari in ƙarasa.

Ƙofofin biyu sun yi lafiya. Sai madigadin gaba, wato ƙarfen da ya rufe saman taya. Na bi shi sau ɗaya, na goge da tsumma, na ja baya na duba. Bai yi kamar sauran ba. Shuɗin nasa ya fi haske kaɗan, kuma kusa da fitila akwai wani wuri kamar faɗin hannu biyu da ya ƙi ƙyalli, ya yi gurji-gurji. Da motar tana da farin nan a ko'ina ba wanda zai lura, yanzu da sauran jikin ya fito, wurin ya zama kamar faci a jikin sabuwar riga.

Na bi shi sau na biyu. Bai tafi ba. To a nan ne ban yi tunani ba. Na ga tabo, hannuna ya yi abin da ya shekara uku yana yi. Na kafa ƙafa, na karkata faifan, na danna da ƙarfina a daidai kwanar madigadin, na tsaya a wurin.

Wari ne ya fara zo mini, kamar an sa roba a wuta. Na ɗaga injin. Shuɗin ya tafi. A wurinsa akwai toka-toka, a tsakiyar toka-tokan kuma wani abu fari mai ɗan ja, kamar alli. Na sa yatsa na taɓa, wani yanki ya ɓalle ya faɗi ƙasa, ya bar rami. Ba ƙarfe ba ne. Na san abin, na sha ganin Oga Okechukwu yana kwaɓa shi. Fila ce, wadda ake cike lotsawar mota da ita kafin a fesa fenti.

Na kashe injin na tsuguna. Matan suka koma wankinsu ɗaya bayan ɗaya. Mama ta shiga ɗaki ta fito da bular wanki, ta ce ko za mu jiƙa mu shafa. Na bar ta ta shafa. Filar ta shanye, ta koma launin da ba shi da suna.

"Motar nan ba ta taɓa haɗari ba," in ji Mama. "Shekara goma sha ɗaya ko kaza bai taɓa takawa ba."

Haka ni ma na sani.

Baba ya dawo bayan la'asar. Ta gefen hagu ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya daɗe yana kallo, sai na ga ya yi murmushi. Ya shafa ƙofar direba da bayan hannu, ya zagaya ta baya, ya biyo gefen dama yana shafawa. Ya wuce madigadin bai tsaya ba. Sai da hannunsa ya faɗa cikin ramin, sannan ya dawo, ya juyo da kansa gaba ɗaya kamar wanda aka kira daga baya, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen.

Bai yi faɗa ba. Na fi son da ya yi. Ya ja benci ya zauna.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Baba."

"Injin wa?"

"Na Oga Okechukwu."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Je ka kira shi. Ka ce masa madigadin dama. Ya san wurin."

Oga Okechukwu ya zo a kan babur kafin rana ta faɗi. Ya gai da Mama, ya gai da Baba, ya tsuguna ya duba. Sannan ya ɗago ya kalle ni.

"Ɗan cocinku."

Na sunkuyar da kai.

"Da ka ce mini motar Madam ce, da na ce ka goge ko'ina har tayoyi, amma kada ka taɓa nan. Fenti shafi ɗaya ne a wurin nan. Rana ɗaya na yi aikin, cikin sauri, a watan Disamba, Madam tana Onitsha."

"Za ka iya rufe shi kafin Litinin?" in ji Baba. "Ƙarfe bakwai zan ɗauko ta a tasha."

"Da wane fenti, Baba? Mai haɗa launi ya rufe shago, gobe Lahadi ko mahaifiyarsa ce ta zo ba zai buɗe ba. Kuma ɗanka ya yi aiki mai kyau, abin da ya ɓata mana ke nan. A da ɓoye faci a jikin motar nan ba wuya. Yanzu sai na fesa gefen duka, kwana uku." Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya rage murya, amma na ji. "Ko da ina da fentin ma, na gaya maka a Disamba sau ɗaya zan yi. Ranar Talata na ɗaga maka hannu a bakin kasuwa, ina tsaye kusa da kai kamar yadda nake yanzu. Ba ka gan ni ba."

"Hankalina na kan hanya."

"To, Baba."

Ya ɗaure injinsa a bayan babur. Da zai tafi ya ce mini rufin da bonet sun yi kyau, ko shi iyakar abin da zai yi ke nan.

Ranar Lahadi bayan sujada Mama ta tsaya taron mata, ni da Baba muka dawo gida mu biyu. Ya zauna a bencin nan, ya ce in zauna a hagunsa. A nan ya gaya mini. Ya fi shekara idonsa na dama yana rufewa. Da farko kamar hayaƙi, yanzu in ya rufe na hagu ba ya bambanta mutum da bishiya. A watan Disamba, dab da magariba, yana dawowa ta Sabon Tasha, ya buge wani mai keke da ya fito daga dama. Bai gan shi ba sam, ƙara kawai ya ji. Mutumin ya karye a hannu. Baba ya ɗauke shi ya kai shi wajen mai ɗori, ya riƙa zuwa duba shi har ya warke. Ko Mama bai gaya wa ba.

"Na iya tuƙi da ido ɗaya," ya ce. "Na san hanyoyin nan kamar ɗakina. Shekara biyu kawai nake nema, kai ka samu abin yi."

Ya murza hularsa. Sannan ya faɗi abin da ya kira ni dominsa.

"Gobe za ka bi ni. Ka ce mata kai ka ɗauki motar ban sani ba, ka goga ta da bango, ka nemo fila ka cike, ka zo gogewa don ka ɓoye. Za ta zage ka. Ni ma zan zage ka a gabanta. Ba ita ke ba ka aiki ba, ba abin da za ta karɓe maka."

Mahaifina bai taɓa roƙona komai ba tun da aka haife ni. Dattijo ne a coci, shi ke raba gurasa ranar Jibin Ubangiji. Ni na tone ramin nan, ba wani ba.

"To, Baba," na ce.

Litinin da safe muka fita, ni a kujerar gaba ta dama. Rabona da zama kusa da shi yana tuƙi an daɗe. Daga gidanmu zuwa tashar manyan bas ba nisa, amma na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Yana manne wa tsakiyar titi, har masu zuwa daga gaba suna yi masa fitila. Duk mahaɗar da muka zo sai ya juya wuyansa gaba ɗaya. Sau biyu ya ce, "Akwai wani abu ta nan?" da muryar wanda ke tambayar ƙarfe nawa, sai na gane tambayar ta daɗe a bakinsa, Madam ma tana amsa ta ba tare da ta san me take amsawa ba.

Kusa da ƙofar wata masaƙa, ma'aikatan safe suna shiga. Wata mata da goyo ta sauko daga gefen titi tana kauce wa kwata. Na ga madubin motar ya wuce kan jaririn da abin da bai kai taƙi ɗaya ba. Matar ta juyo ta bi mu da kallo. Baba yana ba ni labarin yadda ake ɗaura ribon a motar amarya.

Mun tarar bas ta riga ta iso. Madam Obiageli na tsaye cikin buhuna da kwalaye, da alamar ta gaji. Da ta hango motar sai ta sauke tabarau.

"Baba Istifanus, motata ce wannan, ko sata ka yi mini?"

"Taki ce, Madam. Sannu da hanya."

"Wa ya yi wannan aiki? Monday, kai ne? Ashe korarka da aka yi alheri ne." Tana dariya ta zagayo don a buɗe mata but, sai ta zo gefen dama. Dariyar ta tsaya.

Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Ban iya ƙarya mai tsawo ba, na riƙa tuntuɓe. Baba ya fara zagina, shi ma bai iya ba, ya ce mini shashasha sau biyu ya rasa na uku. Madam ba ta kalli ko ɗayanmu ba. Ta karɓi makulli daga hannun Baba, ta sunkuya, ta sa bakinsa a ramin ta ɓanɓaro wani yanki na filar. A ƙarƙashi ƙarfen ya yi ja.

"Yaushe ka ce ka goga ta da bango?"

"Ranar Alhamis, Madam."

"Kwana huɗu, har ya yi tsatsa." Ta miƙe. "Ka iya tuƙi ma, Monday?"

Ban iya ba, kuma ta sani.

Ta tsaya a dama da Baba, kusa da kafaɗarsa, ta ɗaga makullin tana miƙa masa ba tare da ta yi magana ba. Ya ci gaba da kallon gabansa. Ta daɗe a haka. Na so in yi tari, ko in taɓa shi. Kafin in yi ta sauke hannunta.

"Na daɗe ina zargi," ta ce. "Na ce ko tsufa ne kawai." Ta juyo gare ni. "Monday, ba zan tambaye shi ba, don na san abin da zai ce. Kai zan tambaya. Ranar Asabar Irene za ta shiga motar nan, da yara biyu masu riƙe mata riga. Za a bi ta kasuwa, mutane cike da titi. Ka kalle ni. In bar shi ya tuƙa?"

Baba ya juyo da kansa gaba ɗaya ya dube ni da idon da ke gani. Kalma ɗaya ake nema a wurina. Na buɗe baki, sai na ga matar nan da goyonta. Na tsaya a haka, bakina a buɗe, 'yan dako suna wucewa ta gefenmu da kaya, wani yana ta kiran fasinjan Enugu. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

"Na ji," in ji Madam.

Ta sa makullin a jakarta.

"Shekara goma sha ɗaya, Baba. Da ka gaya mini tun farko, da na kai ka asibitin ido na Kano an duba idon."

"Da kin kai ni, Madam, wa zai tuƙa ki kafin in dawo?"

Dukansu sun san wa, ɗan ƙanin nan nata da ya yi lasin. Ta ce ya zo bikin shi da Mama, za a ajiye musu kujera a gaba. Ya yi godiya. Ya buɗe ƙofar direba ya ɗauko ƙaramin matashin da yake jingina da shi, da littafin waƙoƙinsa, da tsumman goge gilashi. Ya dubi tsumman, ya mayar da shi. Ya gaya mata tayar baya ta hagu tana rage iska, a gaya wa yaron ya riƙa dubawa. Ta kira tasi ta loda kayanta, ta ce za ta aiko a ɗauki motar.

Muka kamo hanyar gida da ƙafa. Ni na riƙe matashin. Rana ta fara zafi, motoci suna wucewa, muna tafiya har muka wuce masaƙar. Na yi ta shirya abin da zan ce, duk wanda na shirya sai in ji bai isa ba.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Na wanne?"

Ban san wanne zan zaɓa ba, na goge motar ko na yin shirun. Ya bar ni da tambayar.

Da muka kusa layin dogo ya ce kada in gaya wa Mama komai, shi zai gaya mata da bakinsa, har da na mai keken. Ya ce ranar Laraba in je tasha in tambayi motar kaya mai zuwa Zonkwa, in tambaya ko za ta ɗauki gado da kujeru a tafiya ɗaya. Ya ce kafin ruwa ya zauna sosai sai mun ɗaga bangon ɗakin nan, kuma ni zan kwaɓa ƙasa tunda ƙarfi gare ni.

A bakin babban titi muka tsaya za mu tsallaka. Ya duba hagu. Ya fara juya wuyansa dama, sai ya fasa.

"Koma ta wannan gefen," ya ce.

Na koma damansa. Ya kama hannun rigata, muka jira tirela ta wuce, na ce masa babu komai, muka tsallaka.